Abokin Musun Babana

Sun cire rumfar goro ta ƙarshe a layinmu. Ba da hayaniya aka yi ba, da na ji. Magada ne suka sayar da wurin, wata safiya na fito sai na tarar an kwance kwanon rufin, an jingine katakon a jikin bango. Yanzu shago ne mai ƙofar gilashi, ana sayar da caja da rigunan waya, wani saurayi yana zaune a ciki da abin sauraro toshe a kunnuwansa. Yaron kirki ne, yana gaishe ni. Amma duk sanda na zo wucewa sai in ji hancina yana neman wani abu bai samu ba. Wanda bai tashi a unguwar Agege ta Ikko a wancan lokacin ba, ba zai san ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen fita ba, ganyen nan mai faɗi da ake naɗe goro a ciki. Ƙamshi ne mai sanyi, kamar na ƙasa bayan ruwan farko, yana kama riga ya bi mutum har aji.

A nan na girma, tsakanin layin dogo da rumfunan goro. Tun gari bai gama wayewa ba matan Yarabawa suke isowa daga ƙauyuka da kwanduna a ka, su yi ciniki da iyayenmu rabi da Yarabanci rabi da Hausa, abin da ya rage a ƙarasa da hannu. Mu yara aikinmu ganye ne. Mu ɗebo ruwa a rijiya, mu wanke ganyen ɗai-ɗai, mu shimfiɗa a kwando. Manya su zauna su yi tsinta, fari gefe, ja gefe, manya-manyan da ake ce wa marsa gefe, wanda tsutsa ta taɓa kuwa a jefar da shi nesa kafin ya shafa wa 'yan'uwansa. Babana yakan ce goro ɗan sarauta ne, ba ya son rana, ba ya son ƙishirwa, ba ya son a manta da shi. In an gama sai a ɗaure huhu, wato babban ƙunshin goron, da igiya, 'yan dako su ɗauka zuwa tasha ko bakin mota. Idan jirgin Arewa ya zo wucewa kwanukan unguwa duka sai su kama rawa, kowa ya tsaya da maganarsa a baki har ƙarar ta yi nisa, sannan a ɗora daga inda aka tsaya. Jirgin yanzu yana wucewa sumul, ba ya tsayar da maganar kowa. Ko da yake ban ga maganar da zai tsayar ba.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma wanda ya san Hausawan da ya san abin da hakan yake nufi. Babana ya zo Ikko yana saurayi, ya baro komai a ƙauyensu ban da kunyarsa. Bai taɓa kiran sunana ba. In ya matsu ya ce "kai", in da mutane ya ce "wannan". Mafi yawa ma ta bakin Inna yake bi, ina tsaye a gabansa zai juya ya ce mata, "Ki ce wa yaron nan ya kai ganye rumfa." Ƙannena suna hawa bayansa, suna lalube masa aljihu, ni kuwa in muka haɗu a soro sai kowa ya kalli nasa bangon. Ba ƙiyayya ba ce, na san haka tun ina ƙarami. In ya sayo mini takalmi sai ya miƙa wa Inna ya ce wani ne ya manta da shi a rumfa, kuma kullum mai mantuwar nan ƙafarsa daidai da tawa take. Yaran da iyayensu haifaffun Ikko ne suna yi mini dariya, su da suke cin abinci kwano ɗaya da ubanninsu. Ni kuma da ma Allah ya yi ni marar magana. Shirun babana ya haɗu da nawa, sai ya zama a tsakaninmu akwai wani fili da ba mai takawa. A littafi na ɓuya. Ina da wani tsohon ƙamus na Turanci marar bango da na saya a hannun masu baza littattafai a ƙasa, a Yaba. Bayan an tashi makaranta, in na gama wankin ganye, sai in shige bayan tarin huhu in buɗe shi. Ina da wani hali da har yau bai sake ni ba: ba na iya tsallake kalma ban san ta ba, kuma in na ji an faɗi abu ba daidai ba sai ya yi ta sukata kamar ƙaya a cikin takalmi, ko da bakina bai iya furtawa ba.

Mutumin nan da ba ya iya yi mini magana, a rumfa wani mutum ne daban, kuma dalilin Baba Lasisi ne. Rumfarsu ɗaya, bencinsu ɗaya. Baba Lasisi haifaffen Ikko ne, jikan tsofaffin sojojin nan Hausawa da suka zauna a garin tun zamanin Turawa. Bai taɓa haye kogin Kwara ba, Hausarsa cike take da Yarabanci, amma ya rantse ya fi kowa zama Bahaushe. Shi yana ce wa babana Baƙauye, babana yana ce masa Ɗan Manja. Tun daga sallama suke farawa.

"Baƙauye, an tashi? Ko sauron Ikko ya hana ka barci kana kukan gida?"

"Ɗan Manja, wanke Hausarka tukuna, tana ɗigar da mai."

Ba abin da ba sa musu a kai. Ko ruwan saman Ikko ya fi na Arewa jiƙa mutum. Ko jirgi ya fi sauri in ya nufi Kano. Akwai wata rana da suka wuni a kan kifi.

"Kifi ba ya barci," in ji Baba Lasisi. "Ni ɗan bakin ruwa ne. Idonsa a buɗe yake har a cikin miya."

"Zomo ma ido buɗe yake barci. Ina za ka sani, kai da ba ka taɓa ganin daji ba?"

"Zomo kifi ne?"

"Kai Bahaushe ne? Amma ga shi in an kira kana amsawa."

Rumfa ta ɗauki dariya, har matan da suka kawo goro. Babana in yana musu gaba yake turo ƙirji, ya ɗaga ɗan yatsa, idonsa yana ƙyalli, hannu ɗaya kuma bai fasa tsintar goro ba. Wani lokaci Baba Lasisi yakan leƙo bayan huhu ya ce, "Akawu, duba mana a littafinka, wa ya yi gaskiya?" Shi kaɗai yake kirana Akawu. Sai in sunkuyar da kai kamar in nutse, babana ya ce, "Rabu da shi, kada ka sa yaro a maganar manya." Ban taɓa ganin sun rabu cikin fushi ba. In an kira magariba su tashi tare, su tafi masallaci suna ƙarasa zancen, a bakin ƙofa su ajiye shi tare da takalmansu.

Yau musu ya koma cikin waya. Ina ganin samari a bakin mai shayi, su biyar a benci ɗaya, kowa ya duƙufa yana zagin wani da bai taɓa gani ba a wani gari, na kusa da shi kuwa ko kallo. In sun yi musu baki da baki kuma, kafin ka ce me an cire riga. Mu tsofaffi ba mai ja da mu. 'Ya'yana suna kira daga Abuja da Ketu, duk abin da na faɗa su ce haka ne, Baba. Suna ganin ladabi ne, kuma ladabin ne. Mai ɗakina ce kaɗai take iya ce mini ban san komai ba a kan gishirin miya, ita ma ta riga ni gidan gaskiya. Tun da ta tafi ban tuna ranar da wani ya dube ni ya ce a'a ba.

Ina ajin ƙarshe na sakandare na haɗu da kalmar. Malamin Turancinmu mutumin Gana ne, dogo, mai farar riga da ba ta taɓa yamutsewa, ya rubuta a allo: contend. Ya sa muka yi ta maimaitawa, don a bakinmu harafin ƙarshe yana ɓacewa. Sannan ya ce kalmar tana sauya fuska gwargwadon abin da ya biyo bayanta. In ka ce contend with, kana fama ne da wani abu mai wuya, kamar manomi da fari ko direban danfo, motar hayar nan ta Ikko, da cunkoso. In ka ce contend for, kai da wasu kuna takarar abu ɗaya. In kuma ka ce contend that, to ka kafe ne a kan wata magana, kana cewa haka take ko da an musa maka. 'Yan ajinmu suka kwafa suka rufe littafi. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Mu a Hausa fama daban, takara daban, musu daban. Ta yaya Bature ya zuba su a kwando ɗaya, kamar mai goron da bai iya tsinta ba? Na koma bayan huhu na duba ƙamus, na tarar malam bai yi kuskure ba. Na yi ta juya abin har na lura cewa mu ma muna cewa jayayya, kuma daga ja ta fito. 'Yan Ikko ma a Turancinsu na titi in mutum biyu suna rigima a kan abu sai su ce suna drag, wato ja. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Sai dai ba ni da wanda zan gaya wa.

A daminar shekarar Baba Lasisi ya rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci, shi kansa yana cewa sauron Baƙauye ne ya yi kuskuren gida. Babana yana cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Da aka dawo ya zauna a bencinsu, a gefensa na kullum, ya ci gaba da tsinta. Bai yi kuka ba. Amma rumfar ta yi tsit, har ana jin faɗuwar goro a kwando. Ba a daɗe ba wata rana ya miƙe zai ɗauki igiya sai ya zube. Aka kai shi asibiti, aka ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin hagu. Likita ya ce abin bai yi tsanani ba, in ya ci abinci, ya riƙa motsa jiki, zai taka da ƙafarsa. Aka dawo da shi gida, aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa. Ya juya fuska bango ya ƙi ci. Inna ta dama kunu, ta yi farfesu, ta aika aka sayo biredi mai zafi, ya kurɓi ruwa kawai ya ture kwanon. Abu ɗaya yake faɗa, a kai shi gida a binne shi kusa da ubansa. Ƙannensa da suke kasuwar Mile 12 suka zo suka zauna, suka yanke cewa in motar goro ta gaba za ta tashi, za a gyara masa wuri a gaba a tafi da shi. Inna ta san, ni ma na sani, mutumin da ba ya ci ba zai kai Kwara da rai a motar kaya ba. Amma ba mai iya musa wa marar lafiya wasiyyarsa.

Ni aka sa jinya da rana, saboda jarrabawa ta matso an sallame mu mu yi karatu a gida. Ba na shiga ciki sosai. A bakin ƙofa nake zama da littafina da mafici, in kore masa ƙuda, in kira Inna in yana bukatar wani abu. Daga nan nake ganin masu dubiya. Suna zuwa rukuni-rukuni, 'yan goro, 'yan masallaci, su zauna su yi addu'a, duk abin da ya faɗa su ce haka ne, Alhaji. Sai na fara lura da wani abu. Babana yana faɗar abin da ya san ba haka yake ba. Ya ce wa wasu jirgin Kano yanzu ta Badagiri yake bi, can bakin teku inda ko layin dogo babu. Suka dubi juna, suka ce haka ne, Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce wa wasu jan goro da fari uwa ɗaya ba ta haifarsu, shi da ya fasa kwanson goro ya fi a ƙirga. Suka ce haka ne. Suna fita suna raɗa cewa ciwon ya taɓa kai. Amma ni ina ganin idonsa. In ya jefa maganar sai ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kamun kifi yana duban igiyarsa, in ba abin da ya motsa sai ya lumshe ido ya koma bango. Na gaya wa Inna a madafa, da ƙyar, ina kallon ƙasa. Ta daɗe tana juya tuwo kafin ta ce, "Na sani. Ubanku ba ciwon ne zai kashe shi ba. To amma wa zan aika ya yi masa rashin kunya?"

Ana saura kaɗan motar ta tashi, har Inna ta fara ninke masa riguna tana share ido da gefen zane. Ranar bayan la'asar aka yi ruwa mai yawa, masu dubiya ba su zo ba. Ina zaune a bakin ƙofa ina bitar kalmomin da malam ya ce za su iya fitowa, ashe ina furta su a fili ban sani ba. Sai na ji muryarsa, yana magana da bango.

"Wannan gunagunin na mene ne? Ko Yasin aka fara yi mini tun ban tafi ba?"

Na duba tsakar gida, Inna tana can ƙarƙashin rumfar madafa. Ba wanda zai amsa sai ni.

"Turanci ne, Baba. Na jarrabawa."

Can ya ce, "Me littafin yake cewa?"

Littafin ya tambaya, ba ni ba, sai hakan ya sauƙaƙa mini. Na ce wata kalma ce, contend, ma'anarta fama.

"Kwanta?"

"Contend, Baba."

"Kwanta dai. To, Bature ya yi hankali, ya sa wa fama suna kwanta. Ashe duk garin nan ba wanda ya kai ni fama."

Ya ɗan juyo da kai, na ga idon nan ya sauka a kaina, irin kallon da yake yi wa masu dubiya. Na san amsar da ɗa yake ba ubansa. Tana bakina, na sha ba da ita. Ba zan ce jarumta ce ta zo mini ba, don ban san ta ba a lokacin. Kawai dai kalmar ba kwanta ba ce, akwai harafi a ƙarshenta, malam ya sha wahala a kansa, kuma ƙayar nan ta soke ni inda ba zan iya daurewa ba.

"A'a, Baba."

Na ji ƙarar ludayi ta tsaya a madafa.

"Ba kwanta ba ce. Da harafi a ƙarshe. Kuma wanda ya kwanta ba a faɗa masa ita."

Sai da ta fita na ji nauyin abin da na faɗa. Na so ƙasa ta tsage. Ruwa yana ta zuba daga indararo cikin bokiti. Babana ya juyo gaba ɗaya, da ƙyar, yana jan kafaɗar hagu, ya dube ni sosai. Ban tuna ya taɓa yi mini irin wannan kallon ba kafin ranar.

"Wa ake faɗa wa?"

"Wanda yake fama da wani abu. Ko wanda yake musu."

"Tsaya. Fama ko musu?"

"Duka biyun, Baba. Kalma ɗaya ce."

"Ƙarya ne. Fama daban, musu daban. Ana ce wa ɗan dako sannu da fama. Ka taɓa jin an ce wa mutum sannu da musu?"

Na ce, "Iya mai kawo mana goro takan ce wa Baba Lasisi sannu da fama, in kun gama."

Tun ranar jana'iza ba wanda ya ambaci sunan nan a gidanmu. Na ga gefen bakinsa mai lafiya ya motsa, ban san ko dariya ce ko wani abu ba.

"Bayarabiya ce. Ba a kafa hujja da Hausarta."

"To jayayya fa? Ai daga ja take. Ɗan dako yana jan kaya, mai musu yana jan magana."

"Kai, wannan ai..." Ya ɗaga ɗan yatsa, amma mutum ba ya iya nuna wani da yatsa yana rigingine, sai ya zama rufin ɗaki yake nunawa. Ya yunƙura zai tashi a kan gwiwar hannu, hannun ya ƙi. Ya yi tsaki. "Ɗaga ni."

Na shiga ɗakin. Na sa hannu a bayansa na jingine shi da bango, na tura masa matashi. Jikinsa bai fi nauyin kwandon da ba komai a ciki ba. Wannan ne karo na farko da na taɓa jikinsa tun da na yi wayo. Na koma zan tsuguna a bakin ƙofa, bai jira na isa ba ya ɗora. Ya ce ja na kaya da hannu ake yi, ja na magana da baki, wanda ya haɗa su bai san aiki ba. Na ce ai shi ma in yana musu har gumi yake yi. Ya ce gumin Ikko ne, ko barci kake kana yin sa. Muryarsa tana sarƙewa, wasu kalmomin suna fita a karkace, tari ya sarƙe shi, ya tsaya yana haki da yatsan a sama don kada in ɗauka ya gama. Da numfashinsa ya dawo sai ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, ya nufi tsakar gida.

"Ke, ina kunun nan? Yaron nan ya ga cikina ba komai, shi ya sa yake ja da ni."

Inna ta shigo da kwano a hannu biyu, ba ta dubi kowa ba. Ta durƙusa ta riƙe masa, ya sha kamar rabi. Da za ta fita ta bi ta gefena, ta ɗan taka mini yatsan ƙafa, ta wuce.

Kafin a kira magariba ya sake tambaya, wannan karon a hankali, idonsa a kan kwanon. "Wannan kalmar taka, mutum yana yin ta shi kaɗai?"

Na buɗe ƙamus na bi misalan da yatsa, don kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Na ce, "Ban ga haka ba, Baba. Kullum sai da wani, ko da wani abu a gabanka."

Ya gyaɗa kai. "To a nan Bature ya yi gaskiya. Sauran duk ƙarya ne."

Motar goro ta tashi ba shi. Da ƙannensa suka zo ɗaukarsa suka tarar yana cin tuwo da hannun dama, ya ce musu wa ya ce zai je, suka ce kai ka ce, Yaya, ya ce to ya fasa, in suna da ja su zauna. Ba su zauna ba. Ni ne na zauna. Kullum bayan la'asar sai in kawo abin da na karanta, shi kuma ya rushe shi. Wani lokaci ina da gaskiya, wani lokaci shi, mafi yawa ba a ganewa. Ban zama mai surutu ba, har yau ba ni da shi. A waje ina nan yadda nake, a gaban mutane harshena yana naɗewa. A ɗakin nan ne kawai nake iya cewa a'a. Ya ƙara shekaru masu dama a duniya yana jan ƙafar hagu, ya ga aurena, ya ga jikoki, kuma har ya koma ga Allah bai kira sunana ba. A nan Agege aka binne shi. Daga baya na koyar da Turanci shekara da shekaru, na rubuta kalmar nan a allo sau da yawa, na sa yara sun maimaita harafin ƙarshe, ban taɓa gaya musu komai a kanta ba bayan abin da yake cikin ƙamus. Waɗanda suka san labarin duk sun tafi, Inna ce ta ƙarshe.

Ranar da ya fara komawa rumfa ita na fi tunawa. Ya dogara sanda, ina biye da shi a baya da tabarmar sallarsa. 'Yan goro suka miƙe ana ta barka da arziki, matan ƙauye suna tafa hannu suna yi masa addu'a da Yarabanci. Ya zauna a gefensa na benci. Ɗaya gefen tun rasuwar ba mai zama, ko kwando ba a ɗorawa. Na ajiye tabarmar na tsuguna a ƙasa kusa da ganye, ina shirin zamewa bayan huhu. Sai ya dubi mutanen, ba ni ba.

"Ku ce wa wannan ya hau benci. Ba na musu da mutum yana tsugune, sai a ce don ina sama na fi shi."

Wani dattijo ya ce, "Ka ji abin da babanka ya ce." Na tashi, na ɗosana a can ƙarshen katakon, rabin jikina a waje. Babana ya zaɓi farin goro a kwando, ya fasa, ya jefa rabi a baki, ya ajiye rabin a kan benci tsakaninmu. Ya tauna a hankali, yana kallon layin dogo. Sannan ya turo ƙirji gaba.

"Jiya ka ce wai ƙasa ce take juyawa, rana tana tsaye. Maimaita a gaban mutane, su ji abin da ake koya muku."

Na ɗauki goron. Na gyara murya, na maimaita.